Asabar, 19 ga Yuli 2025: ranar da na sayi kifin yen 4,320

Tun kafin a yi sallar asuba zafi ya riga ya shigo ɗaki. Zafin Tokyo ba irin na Kano ba ne da za ka fake a gindin darbejiya ka sami sa'ida. Nan iskar ce kanta a jiƙe, kana fitowa daga wanka gumi ya karɓe ka.

Yau ce ranar da mutanen Japan suke kira Doyo no Ushi no Hi, ranar tsakiyar zafi da kowa ke cin unagi, wani dogon kifi mai santsi da ya yi kama da gaiwa. Mako biyu ke nan tallarsa na bin mutum ko'ina, hatta ƙananan shagunan konbini sun liƙa hotonsa a ƙofa. Ana cewa wani masani na ƙarni na 18, Hiraga Gennai, shi ya ba wani mai sayar da kifin shawarar ya rubuta a bakin shagonsa cewa yau ranar cin unagi ce, don ciniki ya mutu masa a lokacin zafi. In labarin gaskiya ne, to wannan tallar ta yi albarka, ga shi har ta kama Bahaushe.

Shekarata biyu a ƙasar nan ban taɓa ɗanɗana shi ba. Dalili biyu ne: kuɗi da miya. Miyar da ake shafa masa a wuta ana haɗa ta da shoyu, wato ruwan miyar waken soya, da sukari da mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi, sau da yawa har da sake, giyar shinkafa. Shi kansa mirin na ainihi yana da giya kusan kashi 14 cikin 100. Akwai 'yan'uwa a nan da ke cewa wuta tana ƙone ta, ban ja da su ba, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Sai a makon jiya wani ɗan ajinmu ya gaya mini akwai wanda ake kira shirayaki, gashi ne zalla babu miya, da gishiri da wasabi, wani koren yaji nasu, ake ci. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai.

Bayan la'asar na sauka unguwar Shinjuku, na gangara ƙasan wani babban kanti. Irin waɗannan wuraren depachika suke kiransu, kasuwar abinci ce sukutum a ƙarƙashin ƙasa, amma babu ƙuda ko ɗaya, kuma babu mai cewa "zo nan maigida, nawa ka saya?" Kankana guda a cikin akwati kamar lefe. Na tarar da layi wajen masu unagi ya yi kwana. Akwatunan shinkafa da kifi hawa uku ne, matsu da take da ume, duk sunayen tsirrai, wai don kada mai sayen na ƙasa ya ji kunyar cewa a ba shi mai araha. Na yaba da wannan kara.

Da layi ya zo kaina na tambayi dattijuwar da ke sayarwa ko an taɓa shirayakin da sake. Ba ta amsa da ka ba, sai da ta shiga ciki ta tambayo, ta dawo ta ce a'a. Ta tambaye ni tafiyar minti nawa ce zuwa gida. Na ce hamsin. Ta ɗan yi shiru, sannan ta fara koya mini yadda zan ɗumama shi: in yayyafa masa sake kaɗan... sai ta tuna, ta rufe baki tana ba ni haƙuri, ta ce ruwa ma ya isa. Ta naɗe shi da takarda, ta ɗaure, ta miƙo mini da hannu biyu tana rusunawa. Yen 4,000, da harajin kashi 8 ya zama 4,320. Da a wurin zan zauna in ci, kashi 10 ne harajin, haka dokar take tun 2019. Wannan ne kaɗai rangwamen da na samu.

A cikin jirgi na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in fito. A wurin da nake aikin wanke-wanke ana biyana yen 1,163 a awa, mafi ƙarancin albashi a Tokyo a wannan Yulin na 2025. Ke nan kusan awa huɗu na tsayu a bakin famfo ne a cikin ledar da ke kan cinyata. Ko kuma a ce buhun shinkafa mai kilo 5, a bana da shinkafa ta yi tsadar da har labarai suka ɗauka.

Tsadar ba ta banza ba ce, wannan na yarda. Har yau kusan duk wanda ake kiwo a yankunan Kagoshima da Aichi daga ƙananan 'ya'yan da ake kamowa a bakin teku yake, don uwar tana yin ƙwai ne can nesa kusa da tsibiran Mariana, kuma tun 2014 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ga kuma aikin hannu. Masu sana'ar suna da karin magana: shekara uku koyon tsire shi, takwas koyon fiɗa, gashi kuwa har ƙarshen rayuwa. A nan yankin Tokyo ta baya ake tsaga shi, a gasa, a turara, a sake mayar da shi kan gawayi. Duk mai tukubar tsire zai gane wannan maganar.

To amma da na isa gida na buɗe, sai jikina ya yi sanyi. Kifin ya huce, kitsen ya daskare, fatar ta yi yauƙi. Na gutsuri kaɗan a haka, wallahi da wani ne ya ba ni kyauta sai in gode in ajiye. Na yi yadda dattijuwar ta ce, na yayyafa ruwa, na sa shi a ɗan magashin kifin da ke ƙasan murhun gas. Minti uku kitse ya fara tsartuwa, ƙamshi ya cika ɗakin.

Loma ta farko kam, Allah ya yi halitta. Naman narkewa yake ba sai an tauna ba, wasabi ya bi ta hanci ya yanke maiƙon. Na ci loma uku ban yi magana da kowa ba, ko da yake babu kowan. Sai dai gefensa ya bushe, kuma ƙamshin gawayin da na ji a bakin shagon bai biyo ni gida ba. Abin da na biya wa kuɗi wuta ce da hannun mai gashi, su kuwa ba sa shiga leda. Balangu ne na saya na yi masa tafiyar kilishi. Suna da nasu kilishin kuwa: akwatin abinci na bento irin makunouchi, wanda tun daga tukunya an dafa shi ne don a ci shi a huce, gishirinsa ma an ɗan ƙara saboda haka. Da shi na saya da ban yi asarar komai a hanya ba. Unagi kuma, in Allah ya kai mu baɗi, zama zan yi a shagon in biya kashi 10 ɗin.

Wajen tara maƙwabcina ɗan Indonesiya ya ƙwanƙwasa, riƙe da faranti biyu na sashimi, yankan ɗanyen kifi, masu tambarin rabin kuɗi. Shi sai an kusa rufe kanti yake shiga. Na ɗanɗana masa yanka ɗaya na kifina, ya lumshe ido, ya tambayi farashi, ya buɗe.

Ƙarfe goma na kira Umma, biyun rana ke nan a gida. Na nuna mata sauran a waya.

"Wannan ba gaiwa ba ce?"

"'Yar'uwarta ce, Umma."

"Nawa ka saye ta?"

Na ce ba tsada. Ta dube ni irin kallon da ta saba, ta ce in dai ina cin abinci to alhamdulillahi, ta tambaya ko yajin da ta aiko ya ƙare. Bai ƙare ba. Bayan mun yi sallama na barbaɗa shi a kan yankan ƙarshe, kuma ɗan ajinmu ya yi haƙuri, ya fi wasabi dacewa. Yanzu sha ɗaya da rabi, na ɗora ruwan taliya.