Bokitin Sidi da kwat ɗin Lakunle

A shekarun da na fara koyar da adabi ina da wata muguwar ɗabi'a. In na buɗe littafin wasan kwaikwayo, sai in tsallake ɗan rubutun da ke bayanin dandali da shigar 'yan wasa, in faɗa kan hirarsu kai tsaye. Haka na yi wa The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda aka fara nunawa a Ibadan a 1959, aka buga shi littafi a 1963. Na ce wa ɗalibai Lakunle shi ne boko, Baroka, sarkin ƙauyen, shi ne gargajiya. Suka haddace, muka wuce.

Sai aka ɗora mini shirya farkon wasan don bikin ƙarshen zango. Dole ta sa na koma wa layukan da nake tsallakewa, don in san kayan da za mu nemo. Ashe kafin Lakunle ya buɗe baki marubucin ya riga ya tona masa asiri. Malamin makaranta ne ɗan kusan shekara 23, sanye da tsohuwar kwat irin ta Turawa, wankakkiya amma ba guga, kuma ta yi masa kaɗan, ga farin takalmin kambas. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Muka aro kwat ɗin ƙanen wani malami, yaron da ke fitowa a Lakunle ya saka, hannun kwat ɗin ya tsaya can saman tsintsiyar hannunsa. 'Yan aji suka tuntsire da dariya tun bai furta ko a ba.

Bokitin ne ya fi koya mini darasi. Gari ya waye a ƙauyen Ilujinle, yara na rera jadawalin lissafi a aji, Sidi, budurwar da Lakunle ke nema da aure, ta taho da bokitin ruwa a ka. Malam ya hango ta ta taga, ya bar ɗalibansa ya fito ya fizge bokitin, wai ɗaukar kaya a ka zai nutsar mata da wuya. Ruwan ya zube masa a jiki. A takarda layi ɗaya ne, amma da muka gwada da ruwan gaske sai na ga mutumin gaba ɗaya: yana son taimako, bai iya ba, bai kuma damu da ko mai kayan tana so ba. Aikin da ake biyansa dominsa ma ya baro shi a baya.

Daga nan sai hirar ta sake ɗanɗano a kunnena. Da Sidi ta ce ba aure sai ya biya sadakinta, Lakunle ya shiga jero manyan kalmomin Turanci yana zagin al'adar, har suka ƙare masa, ya ce ai ƙaramin ƙamus gare shi, babban yana hanya. Da can ina karanta wurin a matsayin hujjar ɗan boko. Yanzu na ji mutum ne mai magana da bakin littafi. (Ni har zargi nake aljihunsa ne ba nauyi, shi ya sa sadakin ya zama abin ƙi.) Ita kuwa Sidi gajerun amsoshi take ba shi, duk daga abin da idonta ya gani. Da ya ce mata ba su kai maza ƙarfi ba, sai ta tambaye shi su wa ke dakan doya, su wa ke wuni a duƙe suna shuka da goyo a baya.

Tun daga lokacin, ranar farko da sabon wasa ba na bari a karanta hira. Nakan ce: “Ku rufe maganar da tafin hannu, ku gaya mini me ke jikinsa, me ke hannunsa, ta ina ya shigo.” Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: “Malam, to shi da ya fito wajen Sidi, wa ya bar wa ajin?”