Yau na shiga ramin ƙanƙara

Asabar, Tampere, ƙasar Finland. Ƙarfe tara na dare, ina ƙudundune cikin bargo da shayin citta, yatsun ƙafata har yanzu fushi suke da ni.

Yau dai na yi abin da na shekara ina rantsuwa ba zan yi ba. Ni da a Kano in hunturu ya kama ko alwala sai Umma ta sirka min ruwa, wai ni ne na sauka cikin tafkin Näsijärvi da ƙafata ba wanda ya tura ni, wallahi har yanzu mamakin kaina nake.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya addabe ni tun Nuwamba, kullum in zo in gwada avanto, wato ramin da suke fasawa a ƙanƙarar tafki su shiga. Na ce masa mu a wajenmu wanda ya shiga irin wannan ruwan addu'a ake masa. To amma duhun nan ya ishe ni, rana sai wajen tara da rabi take leƙowa kafin huɗu ta faɗi, azahar la'asar magariba duk a jere kamar ana korarsu, barci ya ƙi, jiki duk a mace, jiya da ya sake tambaya kawai na ce mu je.

Wajen ɗan gidan katako ne a bakin tafki, sauna a ciki, wato ɗakin zafi da ake shiga a yi gumi, sai doguwar gada da matakala da ta nutse cikin ruwa, ga wani famfo yana ta motsa ruwan kar ramin ya sake daskarewa. A allo an rubuta ruwa digiri 1, iska 12 ƙasa da sifili. Kafin mu cire kaya ya tsare ni da tambaya kamar likita, hawan jini? ciwon zuciya? na ce babu. A raina na tuna ɗan ƙanwar Umma mai sikila da sanyi kaɗan ke tayar masa da ciwo, irinsu ko kusa kar su zo nan. Na sa wando mai rufe gwiwa da riga, hular ulu, da takalmin roba da ya ara min.

Sauna ta haura digiri 80, tsofaffi na zaune shiru suna watsa ruwa kan duwatsu tururi na tashi, zafin Sakkwato na Afrilu wasa ne. Mutanen nan miliyan 5 da rabi ne amma saunarsu ta kai miliyan 3, har UNESCO ta sa al'adar cikin kayan gadon duniya a 2020. Da muka fito ya ce in tsaya jiki ya ɗan huce, ba a faɗawa kai tsaye, ba tsalle, ba nutsa kai.

Gwiwa lafiya. Ƙugu, to da sauƙi. Ruwan na taɓa ƙirjina numfashi ya ƙwace min, na ja wata iska haaa ba da niyya ba, sai haki kamar wanda kare ya biyo, zuciya na dukan uku-uku, ina son in ce hasbunallahu baki ya ƙi haɗa kalmar. Wata tsohuwa da ke cikin ruwan kusa da ni, hula ja a kanta kamar tana zaune a falonta, ta dube ni ta hura iska a hankali ta baki, fuuu, tana min alama da hannu in bi ta. Na bi. Sau biyar sau shida sai na ji abin ya sake ni. A nan na gane dalilin hana tsalle, wannan jan iskar in ya same ka kanka na ƙarƙashin ruwa to ruwa ka shaƙa, ko kai gwanin iyo ne. Na fito fata ja wur tana ƙaiƙayi, ina ta dariya ba dalili.

Muna hutawa ya gaya min lissafin wani farfesa ɗan Kanada, Gordon Giesbrecht, 1-10-1. In ka faɗa ruwan ƙanƙara minti 1 na farko na daidaita numfashi ne, kana da kamar minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina jin magana, sannan wajen awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Ruwa na zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Ya nuna min masu kamun kifi can tsakiyar tafki, kowa da wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi rataye a wuya, in ƙanƙara ta fashe da kai ka juya inda ka fito tunda nan ce ta ɗauke ka, ka kafa su ka ja ciki ka fito, ka mirgina, kar ka miƙe tsaye. Shi dai ƙanƙarar da ba ta kai santimita 10 ba baya takawa, kuma in hatsari ya faru lambar gaggawa 112 ake kira.

Duk na ji wannan amma zagaye na biyu girman kai ya ja ni. Na ce tsohuwa ma ta zauna balle ni, na daɗe kusan minti biyu, da zan fito yatsuna suka ƙi riƙe ƙarfen matakala sai da na maƙale da gwiwar hannu. Kuma na ƙi komawa sauna don ina sauri kar magariba ta wuce ni. Ina sa kaya lafiya lau, bayan minti goma sai rawar ɗari ta kama ni, haƙora kaf kaf kaf, zif ɗin rigar sanyi ya gagare ni shi ya ja min kamar yaro. Ashe zafin cikin jiki na ci gaba da sauka ko bayan ka fito. Ya zaunar da ni ya lulluɓe ni da rigarsa ya ba ni shayi mai sukari, bai ce komai ba, shirun ya fi faɗa ciwo.

Da daddare na kira Umma na ba ta labari. Ta yi salati ta ce “yanzu kai karatu na tura ka ko wanka da ƙanƙara?” Na ce Umma ai wai yana sa barci. Ta ce barcin da ba a tashi ko. Sai da na yi mata alƙawari ba zan taɓa shiga ni kaɗai ba ta bar maganar.

Takalmin robar na can kan hita yana bushewa. Na tura masa saƙo zan kawo masa Litinin, ya ce in riƙe zuwa Asabar.