Makonni Bakwai a Alƙahira

Ranar Talata muka sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano bayan makonni bakwai a Alƙahira. Abin da ya kai mu shi ne ƙari da aka gano a ƙwaƙwalwar 'yata ta fari, mai shekara bakwai. Wata huɗu muka yi muna ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, alhali kullum da ciwon kai da amai take wayar gari, sai da ta fara tangaɗi sannan aka tura mu hoton MRI. Ƙarin yana ta wajen ƙeya, a sashen da ke daidaita tafiyar mutum, ya kuma toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa.

A Alƙahira, sanyi ne ya fara tarbar mu, irin mai ratsa ƙashi wanda hunturun Kano bai kama ƙafarsa ba. Na biyu kuwa dillalin gida ne a Madinatu Nasr, wanda da jin Larabcina na Islamiyya ya ninka kuɗin haya, ya ce in ban iya ba ga hanya nan. Allah ya haɗa mu da wani ɗalibin Azhar ɗan Damagaram, ya sa baki da Larabcinsu na kasuwa, nan take kuɗin ya koma rabi. Shi ya zama tafintanmu har ranar da muka taho, kuma da na miƙa masa ɗan abin sayen sabulu sai ya ce, “Haba Baba, ai ɗa na kowa ne.”

Tiyatar ta ɗauki awa bakwai, ni da mahaifiyarta muna zaune a baranda da carbi. Likitan ya fito ya ce sun cire ƙarin gaba ɗaya, daga baya gwaji ya nuna ba mai yaɗuwa ba ne. Na zaci an gama, ashe da sauran rina a kaba, domin kwana biyu da farfaɗowarta yarinyar ta daina magana kwata-kwata. Tana ganinmu, tana gane mu, amma sai hawaye kawai. A lokacin ne aka bayyana mana cewa hakan yakan faru ga wasu yara bayan aiki a wannan sashe, kuma maganar takan dawo sannu a hankali. Har yau ina ganin ya kamata a faɗa wa iyaye wannan tun kafin su sa hannu a takarda.

Kwana goma sha tara muka yi cikin wannan shiru. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ma jin rabin abin da take faɗa, kullum sai ta aiko mana da abinci: yau koshari, gobe miyar mulukiyya, wadda ba komai ba ce illa lalonmu na gida. Amma kalmar farko da yarinyar ta furta ita ce “kunu”, kuma mahaifiyarta tana kuka ta dama mata da garin geron da muka je da shi.

Burodin mutanen Masar araha ne ƙwarai, kantunan magani ba sa rufewa da wuri, har gida ma suke kawowa. Nama kuwa sai mai hali. Direbobinsu sun fi 'yan adaidaita sahunmu danna ham, amma ban taɓa shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ɗauke da ita ba tare da wani ya tashi ya ba ni kujera ba.

Sauran makonnin sun tafi a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, inda aka sake koya mata tafiya. Mun yi sallar Juma'a ɗaya a Masallacin Azhar, dalar Giza kuwa ba mu leƙa ba. Yanzu tana takawa daga ɗaki zuwa tsakar gida da kanta, gashi ya fara rufe tabon ɗinkin, kuma bayan wata uku za a sake yi mata hoto.