Gwaggo ba ta san wani namiji ba sai mijinta

A zaman makokin Gwaggo wata mata ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Ai wai irin ciwon nan na matan bariki ne." Sankarar bakin mahaifa take nufi, wadda ta yi ajalin Gwaggo. Na haɗiye, don tabarmar makoki ba wurin cacar baki ba ce. Amma har yau maganar tana tsaye mini a wuya.

Tana da shekara 14 aka kai Gwaggo ɗaki. Haihuwa goma sha ɗaya. Ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai Malam, Allah Ya jiƙansa, shi kuwa mai auri-saki ne. Matan da suka shigo gidan nan suka fita, ni kaina na san biyar.

Ranar da likita ta zaunar da mu, sai na ji kamar tarihin Gwaggo take karantowa. Ƙwayar HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa. Ta saduwa ake ɗauka, kuma namiji yana iya yawo da ita daga wannan ɗaki zuwa wancan ba tare da ko ƙurji ba. Yawancin mata jikinsu kan kore ta da kansa. Wadda ta maƙale wa kuwa, sai ta yi shekara 15 zuwa 20 tana aiki a ɓoye kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Fara saduwa da ƙuruciya da yawan haihuwa duk suna ƙara haɗarin. Haka shan taba, ƙanjamau kuma yana ninka shi sau shida, amma waɗannan biyun ba ruwan Gwaggo da su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinin. Ta daɗe da daina al'ada, sai ga shi ya dawo. Kusan shekara tana wanke tsumma da asuba tana shanyawa a bayan rumbu, tana shan sassaƙe, don kunya. Sai da wari ya tona asirin, lokacin abin ya riga ya yi nisa.

A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a Nijeriya, sau ɗaya tak. Ina da 'ya mai shekara 11. Maigidana ya ce ya ji ta hana haihuwa ce. Na ce, "Alhaji, kai ka ɗauki Gwaggo a mota zuwa asibiti, ka ga yadda kujerar ta koma."

Bai ce uffan ba. Ranar Talata shi ya kai mu, ni ma na shiga aka duba ni.