Godiya ga duk wanda ya taya ni auna nauyin taurari

Alhamdulillahi jiya aka yi difens ɗina na digiri na biyu a fizis, wato kare bincikena a gaban malamai, kuma Allah ya sa an wuce lafiya, gyaran da aka ba ni ba shi da yawa. Wayata ta cika da saƙonni har ta fara rikicewa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba shi ya sa na ce bari in rubuta nan kowa ya samu nasa.

Na fara da Hajiyarmu. Ita ta kwashi adashinta ta ce a sayo min laftof lokacin da tawa ta mutu ana tsakiyar aiki, ba ta taɓa tambayata me taurari za su tsinana min ba, addu'a kawai. Allah ya saka miki da Aljanna Hajiya. Sai Kawu da har yau yake tsokanata wai na koma malamin duba, Kawu wallahi ba wannan ilimin taurarin ba ne, namu lissafi ne zalla.

Masu tambaya wai me na yi bincike a kai, to ga shi. Akwai wani curin taurari da ake kira Omega Centauri, taurari ne wajen miliyan 10 a dunƙule wuri guda, kuma haskensa sai ya yi tafiyar shekara kusan 17,000 kafin ya iso mana. To ta yaya za ka san nauyin abin da ba ka da sikelin ɗora shi? Sai ka kalli gudun taurarin da ke cikinsa. Kamar majajjawa ne, iya ƙarfin wulwulawarka iya ƙarfin igiyar da za ta riƙe dutsen, in taurarin suna gudu sosai amma ba su watse ba to akwai nauyi mai yawa da yake riƙe da su. A tsakiyar curin gudun ya kai wajen kilomita 20 a sakan ɗaya, in ka haɗa wannan da faɗin curin lissafi zai ba ka nauyi kusan na rana miliyan 4, nawa lissafin ma bai yi nisa da nan ba.

Wahalar tana wajen tacewa. Bayanan madubin Gaia na Turai na yi amfani da su, waɗanda aka saki a 2022, kyauta suke a intanet, amma cike suke da taurarin da ba 'yan curin ba ne, kawai sun faɗo a gabansa ne ta inda muke kallo, sai ka bi ka cire duk wanda tafiyarsa ta saɓa da ta sauran. Nan ne Malam mai duba aikina ya nuna min haƙuri, ya zauna da ni a ofis har bayan la'asar muna kallon ɗigo-ɗigo a allo yana cewa wannan namu ne, wancan baƙo ne. Malam Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a.

Malamin da ya zo daga waje kuwa tambayar da nake tsoro ita ya jefo min, maganar baƙin rami, wato abu mai tsananin nauyi a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce masa. A 2024 masu bincike suka tattara hotunan madubin sararin samaniya na Hubble sama da 500 na shekara 20, suka gano taurari 7 a tsakiyar curin masu gudun da ya isa su tsere amma suna nan, suka ce akwai baƙin rami mai nauyin rana aƙalla 8,200. Na ce masa Gaia ba ta gani sosai a wannan cunkoson, kuma har yanzu akwai masu cewa tarin ƙananan ramuka ne ba babba guda ba. Ya gyaɗa kai, ni kuma sai a lokacin na ji numfashina ya dawo.

Abokan ɗaki da suka jure min kunna fitila tsakar dare, da maƙwabcinmu mai shagon caji da yake barina in jona a janaretansa in an ɗauke wuta bai taɓa karɓar ko sisi ba, da Yaya da ke turo kuɗin data ba sai na roƙa ba, na gode Allah ya bar zumunci. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri.

Masu neman walima kuma ku dakata sai na kai gyara an sa hannu tukuna.