Shekara biyu ina haya da takardar inshora a madadin kuɗin koshin

Gidaje biyu na fara zama a Kaduna, kuma a duka biyun ko sisi ban sake gani ba daga kuɗin koshin da na ajiye, wato ajiyar da mai gida ke riƙewa don gyaran abin da ɗan haya ya ɓata. A Kurmin Mashi mai gidan ya ce fenti ya cinye su. A Badarawa kuwa dillalin da ya karɓa ne ya yi layar zana, mai gidan ya rantse kuɗin ba su taɓa shiga hannunsa ba. Shi ya sa da na samu filat a hawan sama a Unguwar Dosa, aka lissafo min hayar shekara miliyan 1 da dubu 200, la'adar dillali kashi 10, kuɗin lauya kashi 10, sannan koshin dubu 150, sai raina ya ƙi na ƙarshen nan.

Ƙanen maiɗakina da ke karatu a Jamus ne ya sa min tunanin. A can doka ta hana mai gida karɓar ajiyar da ta wuce hayar wata uku, wanda kuma ba ya son kulle kuɗinsa sai ya samu kamfani ya tsaya masa, yana biyan ɗan wani abu duk shekara. Ya dai ja kunnena: "Yaya, in kamfanin ya biya mai gida, kanka zai dawo ya karɓi kuɗinsa. Lamuni ne kawai, ba yafiya ba."

Na shiga wani ofishin takaful a cikin gari, don ni inshorar da babu kuɗin ruwa a ciki nake nema, kuma tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a ƙasar nan. Ma'aikacin ya saurare ni har na gama, ya ce su irin na Jamus ba su da shi. Abin da suke da shi shi ne kariyar kayan cikin gida daga gobara, sata da ɓarnar ruwa, da wani sashe da ke biyan mai gida idan ɗan haya ya jawo wa ginin ɓarna bisa tsautsayi. Gudummawata ta kama dubu 28 a shekara. Ba ta dawowa, sai dai in asusun ya yi rara a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba.

Shawo kan Alhaji mai gidan ya fi komai wuya. Ya juya takardar, ya ɗaga tabarau, ya ce, "Malam, ni takarda ba ta taɓa gyara min silin ba." Sai da yayana ya zo muka zauna a ƙofar gidansa bayan la'asar, ya ce shi ma ya tsaya min, sannan Alhaji ya sauko. Sharaɗinsa ɗaya: a rubuta cewa ranar da zan tashi ni zan yi wa gidan fenti. Murna ta sa na sa hannu ban ko tambayi kuɗin bokitin fenti ba.

Wata na takwas tsautsayin ya zo. Ranar wata Juma'a babu ruwa a tankin sama, yarana suka buɗe famfon banɗaki suka ga ba komai, suka bar shi a buɗe, muka kulle gida muka tafi biki Zariya. Cikin dare aka kawo wuta, maƙwabci ya kunna injin bohol. Ranar Asabar da hantsi mutumin da ke ƙasa ya kira ni, muryarsa na rawa. Da na iso na tarar da kafet ɗina yana tsotsa kamar soso, takalman yara suna yawo a falo. A ƙasa kuwa silin ɗin ya kumbura ya yi tumbi, gefe ɗaya ya rufto kan kujera, ruwa na ɗiga ta ramin fanka.

A nan takardar ta yi rana. Na sanar da kamfanin takaful ɗin tun ranar Litinin, aka turo mai tantance ɓarna da tef ɗin awo da kyamara. Tambayar farko da ya yi min ita ce yaya gidan yake lokacin da na shiga. Allah Ya taimake ni maiɗakina ta ɗauki bidiyon kowane ɗaki ranar da muka tare, don ta tura wa 'yan uwanta su ga gida. Wannan bidiyon na nuna wa dangi ne ya raba gardama kan wata tsagar bango da Alhaji ya so ya haɗa cikin lissafi. An ƙiyasta gyara dubu 410. Kamfanin ya amince zai biya, amma ya cire dubu 40 da takardar ta ce nawa ne in ɗauka a kowace ɓarna, layin da ban karanta ba sai a ranar. Da koshin na ajiye, da dubu 260 zan ciko daga aljihu.

Sai dai kuɗin ba su fito ba sai bayan mako bakwai, kuma duk safiya sai na gaisa da mutumin da silin ɗinsa ke buɗe. Alhaji ya kira ni ya fi sau goma. "Ina mutanen naka?" Dole na ranci kuɗi na sa masu aiki suka fara, aka mayar min daga baya.

Da aiki ya mayar da ni Barnawa bayan shekara biyu, sai ga ɗayan gefen. Zanen fensir da auta ya yi a bango, marikin ƙofa da ya karye, tayil biyu da suka tsage a kicin, ragar sauro da ta yage, babu ko ɗaya da ya shiga kariyar, domin lalacewar yau da gobe ce ba tsautsayi ba. Su kuwa ainihin abubuwan da mai gida ke karɓar koshin dominsu ke nan. Fenti da ƙananan gyare-gyare suka ci min dubu 190, har da zirga-zirga Panteka neman marikin da zai dace.

A gidan Barnawa na biya koshin, amma a asusun mai gidan kansa, da rasit, da jerin abin da za a iya cirewa, kowa ya sa hannu. Takaful ɗin ma na sabunta. Kwanan baya na haɗu da dillalin Unguwar Dosa a masallaci, na tambaye shi wa ya shiga gidan. Ya yi dariya ya ce Alhaji ya karɓi koshin dubu 200 a hannun mutumin, sannan ya ce ba zai ba shi makulli ba sai ya kawo irin takardar nan ta Malam.