Yadda na samar wa kalanguna ɗaki a Hamburg

Duk wanda ya zo Jamus da niyyar zama, abin da ake fara faɗa masa shi ne takardu da sanyi da yare. Ka yi rajistar adireshinka cikin sati 2, ka yi inshorar lafiya, ka nemi rigar sanyi mai kauri. Ba wanda ya ce min komai a kan shiru, alhali ni shi ya fi ba ni wuya, don ɗan gidan mahauta ne ni daga Kano, da kalangu na tashi, a cikin jakata ma na zo da shi.

A nan daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin hutu ne, doka ce ba roƙo ba, ranar Lahadi kuwa yini guda ake so a ji tsit, ba ka kunna injin huda bango, kai ko kwalba ba a jefawa a kwandon kwalabe. Gidajen haya da yawa sun ƙara da ƙarfe 1 zuwa 3 na rana a takardar dokar gida da ake mannawa a ƙasan bene. Toh ni aikin sito nake a wajen tashar jiragen ruwa, sai yamma nake dawowa, kafin in yi sallah in ci abinci lokaci ya ƙure, kalangu kuma ba a kaɗa shi a ɓoye, in ka sassauta hannu ba zai yi magana ba. Wata da watanni yana rataye a bango, duk na kalle shi sai raina ya ɓaci wallahi.

Wasu 'yan uwa cewa suke ƙyamar baƙi ce kawai. Akwai masu ƙyamar kam, mun gani, amma wannan dokar ko a kan Bajamushe haka take. A Oktoban 2018 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a shari'ar wani mai busa kakakin Turawa a Augsburg da maƙwabtansa suka kai ƙara, ta ce ba za a hana mutum kiɗa a gidansa gaba ɗaya ba, ta ba da ma'auni na awa 2 zuwa 3 a ranakun aiki, awa 1 zuwa 2 a Lahadi da ranakun hutu. Masu ganga dai kotuna sukan ba su ƙasa da haka. Wato ina da haƙƙin kiɗa, tsohuwar da ke samana ita ma tana da haƙƙin hutunta, ni kuma ba na so sai an kai ga lauya tsakanina da matar da take karɓar min saƙo in ba na nan.

Gidan namu tsoho ne, a ƙasa akwai ɗakin wanki na da can wanda ba kowa ke shiga ba. Na samu mai gida na roƙe shi, ya yarda ya ƙara min ɗan kuɗi a haya, da sharaɗin a rubuce cewa ranar da zan tashi sai na kwance komai, in ba haka ba ya cire a kuɗin ajiya, wanda a nan yakan kai har kuɗin hayar wata 3.

Allah ya haɗa ni da wani kafinta ɗan Zangon Kumasi, Hamburg cike take da mutanen Ghana, a masallaci muka san juna, ya girme ni sosai. Na ce Yaya, a gida na ga masu sutudiyo suna manna kiret ɗin ƙwai da soso a bango. Ya ce ƙanena, soso amsa-kuwwa kawai yake ragewa a ciki, na waje zai ji ka ras, kiret kuwa wuta kawai zai jawo maka. Abu uku ke tare ƙara, nauyi, toshe duk wata kafa, da kuma raba sabon bango da tsohon kar su taɓa juna.

Haka muka yi ɗaki a cikin ɗaki. Muka kafa katako nesa kaɗan da bangon asali, ƙarƙashin kowane katako aka shimfiɗa roba, aka cusa audugar dutse a tsakani, wannan abin ƙaiƙayi gare shi ba kaɗan ba, sai da safar hannu da takunkumi. Sannan allon da suke ce wa Rigips, mai kaurin milimita 12.5, muka sa shi ninki biyu, mahaɗar na sama ba ta faɗo kan mahaɗar na ƙasa ba, kowace tsaga aka bi ta da silikon. Silin ne ya fi cin rai, mutum biyu riƙe da allo a ka, wuya kamar za ta karye. Yaya ya ce min in ka ninka nauyin bango ragin ƙarar da za ka samu bai wuce desibel 6 ba, desibel shi ne ma'aunin ƙara, kuma sai an rage 10 kunne ke jin ƙarar ta ragu da rabi, shi ya sa tazarar nan da robar suka fi yawan allo muhimmanci. Kayan rabi a kantin kayan gini na Bauhaus na saya, rabi na hannu ne a Kleinanzeigen, shafin intanet na saye da sayarwa, duk da haka ya lashe kusan albashin wata.

Da muka gama na ba shi kalangun ya riƙa kaɗawa, ni kuma na hau wajen tsohuwar nan na roƙe ta in tsaya a falonta. A falo ba a jin komai. A banɗakinta kuwa ga kiɗa nan siriri yana fitowa, ashe bututun hita ne da ya ratsa ɗakin yake ɗauke shi har sama, in ka ɗora tafin hannu a kai za ka ji yana rawa. Sai da muka naɗe shi da audugar muka yi masa akwati da allo ba tare da allon ya taɓa ƙarfen ba. Ita da kanta ta ce bayan ƙarfe 8 in daina, Lahadi kuma bayan ta dawo daga coci ba damuwa, na ce na yarda.

Matsalar da ta rage iska ce da danshi. Ɗakin da ƙara ba ta fita iska ma ba ta shiga, bayan rabin awa sai na buɗe ƙofa na sha iska, fatar kalangu kuma danshin ƙasa na sa ta saki, dole nake hawa da shi sama in na gama. Ran Asabar yara uku na 'yan uwa suna zuwa koyo, haihuwar nan ne, Hausarsu ma ba ta nuna ba amma ɗayan hannunsa akwai daɗi sosai. Da su ɗakin ya yi mana kaɗan, zafi kuma ya ƙaru, shi ya sa yanzu kuɗin fanka mai bututu nake tarawa, Yaya ya ce sai an yi mata hanya mai lanƙwasa an lulluɓe cikinta, in ba haka ba ta nan kiɗan zai fita.